Shanyewar ƙafafu mai zuwa ta tafi: me ke kwashe fotasiyam daga jini?

Nas Rabi, Asawase

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana damuna a wurin aiki, kuma ina roƙon likitoci da masu haɗa magani da ke cikin wannan zaure su sa baki. A unguwanninmu na nan Kumasi, ƙasar Ghana, idan aka ce mutum ya shanye, abu biyu ne ke zuwa ran jama'a: ko dai hawan jini ya buge shi, ko kuma iska ta taɓa shi. Amma akwai wata shanyewar da ba a cika saninta ba, wadda ƙarancin sinadarin fotasiyam a jini ke haddasawa. Mutum zai kwanta lafiya lau, da asuba ya yunƙura zai tashi ya ji ƙafafunsa duka biyu sun ƙi ɗaukarsa, alhali hankalinsa na nan, bakinsa bai karkace ba, maganarsa ba ta sauya ba, kuma idan aka mintsine shi yana ji sarai. A jinin mai lafiya awon fotasiyam yana tsakanin milimol 3.5 da 5.0 a kowace lita. Idan ya sauka ƙasa da 2.5 tsoka na iya daina aiki, kuma zuciya ita ma tsoka ce. Duk ma'aikacin asibiti ya san gudawa da amai da ƙwayoyin sa fitsari suna rage shi. Abin da nake so mu tattauna shi ne sauran dalilan, waɗanda ba sa faɗo wa mutum da wuri.

Alhaji Sani, Aboabo

Wa alaikumus salam. Malama Rabi, kamar kin leƙa gidanmu. Ɗan ƙanena, saurayi mai shekara 27, tela ne, kuma wannan abin da kika siffanta ya same shi a makon jiya. Ya buga ƙwallo da yamma, ya dawo ya ci tuwon shinkafa mai yawa, ya kora da lemon kwalba, ya kwanta. Da aka kira sallar asuba sai muka ji yana kiran mahaifiyarsa daga ɗaki. Mun tarar da shi kwance yana magana da mu daidai, yana motsa yatsun ƙafarsa kaɗan, amma cinyarsa ba ta ɗaguwa daga katifa, hannuwansa ma da ƙyar yake kai su kansa. A pragya, wato babur mai ƙafa uku, muka kai shi asibiti, aka auna jini aka ce fotasiyam ɗinsa 1.9 ne, aka sa masa ruwa, kafin la'asar ya taka da ƙafarsa zuwa banɗaki. An sallame mu da cewa ya riƙa cin ayaba. Abin da ya hana ni barci shi ne ba wannan ne karon farko ba. A baya ya taɓa yin haka, amma kafin mu isa wani ƙaramin asibiti ya warware da kansa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Ba ya gudawa, ba ya amai, ba ya shan wani magani. Mahaifiyarsa ta tsaya kai da fata cewa jifa ne, ni kuwa ban san abin da zan ce mata ba.

Dakta Bashir

Alhaji, Allah ya ƙara masa lafiya. An yi daidai da aka ƙara masa fotasiyam, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin ba a amsa tambayar ina ya tafi ba.

Kashi 98 cikin 100 na fotasiyam ɗin jikin mutum yana cikin ƙwayoyin halitta ne, musamman na tsoka, kuma kashi 2 kacal ke yawo a waje, wanda daga cikinsa ne muke ɗibar jini mu auna. Saboda haka ƙaramin awo na iya nufin abu biyu da suka yi hannun riga. Na farko, sinadarin ya fice daga jiki ta hanji ko ta ƙoda. Na biyu, bai fita ko'ina ba, ya dai ruga daga jini ya shige cikin tsoka, kamar mai shago da ya kwashe kaya daga kanta ya kulle a sito, kanta ta zama wayam alhali ba a saci komai ba. Wanda ya yi asara ta hakika yana buƙatar a mayar masa da mai yawa a hankali cikin kwanaki. Wanda nasa ya ɓuya ne kawai, idan aka ɗura masa da yawa, sa'ad da ɓoyayyen ya dawo cikin jini sai awon ya haura sama da ƙima, kuma wannan ma yana iya tsayar da zuciya. Gwajin fotasiyam a fitsari a lokacin da abin ke faruwa yana taimakawa wajen rarrabewa, haka ma awon hawan jini.

Labarin yaronka ya yi kama da na biyun: motsa jiki mai tsanani, abinci mai sitaci da sukari, hutu, sannan shanyewa da asuba. Ina da tambayoyi. Shin yana ramewa duk da yana cin abinci sosai? Yana yawan gumi da jin zafi? Hannunsa na rawa, ko gabansa na faɗuwa? Kuma a danginku, ta uwa ko ta uba, akwai wanda ya taɓa yin irin wannan tun yana ɗan makaranta?

Alhaji Sani, Aboabo

Likita, a dangi babu kowa. Amma sauran duk akwai. Ya rame har wandunansa sun yi masa yawa, kuma cin abincinsa ya fi na da. Maigidansa a shago ya taɓa gaya mini cewa yanzu sai ya yi ta fama kafin ya zura zare a allura saboda rawar hannu, har mun zargi ko ya fara shaye-shaye ne, muka yi masa faɗa. Ko a lokacin hunturu da fanka yake kwana. Wuyansa dai ban ga kumburi ba.

Dakta Bashir

To ku koma asibiti ku nemi a yi masa gwajin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ba dole ne a ga kumburi ba. Ana yin gwajin a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da manyan ɗakunan gwaji na cikin gari.

A bangon kowace ƙwayar tsoka akwai wasu ƙananan famfuna masu tura sodiyam waje su jawo fotasiyam ciki. Idan tayirod ta yi aiki fiye da ƙima, famfunan kan ƙaru kuma su yi sauri. Insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, shi ma yana zaburar da su, shi ya sa babban kwanon tuwo ko shinkafa da abin sha mai zaƙi ke tayar da ciwon, domin jiki kan saki insulin mai yawa bayan irin wannan ci. An fi sanin wannan cuta a mazan gabashin Asiya, irin su Sin da Japan da Filifin, inda take samun kusan mutum 2 cikin 100 na masu tayirod mai yawan aiki, kuma galibinsu 'yan shekara 20 zuwa 40 ne. Abin lura shi ne cutar tayirod ta fi kama mata, amma wannan shanyewar kusan duk maza take kamawa. Akwai kuma irin na gado, wanda likitan Jamus Westphal ya siffanta a 1885, yana samun kamar mutum 1 cikin 100,000, yakan fara ne kafin shekara 20, kuma tayirod ɗin mai shi lafiya lau take. Saboda shi na tambayi dangi.

Idan gwaji ya tabbatar da tayirod ce, albishir ne, domin da zarar an daidaita ta shanyewar kan daina zuwa. Kafin nan ya rage ƙwallo mai tsanani da cika ciki da dare. Kuma idan ta sake zuwa, a kai shi asibiti nan take a ɗibi jini tun yana kwance, domin bayan ya miƙe awon zai nuna komai daidai.

Usman, mai haɗa magani, Tafo

Likita, ban musa bayaninka ba, amma ina jin tsoron kada mu bar jaki mu koma dukan taiki. Mutanen da ke karanta wannan zaure za su tafi da sunan wata cuta ta Asiya, alhali abin da ke kwashe fotasiyam ɗin jama'armu yana cikin jakar magungunansu. Dattawa nawa ne ke shan Bendro, ƙwayar sa fitsari, shekara da shekaru saboda hawan jini ba tare da an taɓa auna musu gishirin jini, wato su fotasiyam da sodiyam, ba? Mata nawa ne ke zuwa neman Lasix, ita ma ƙwayar sa fitsari, ba da takardar likita ba, wai ƙafa ta kumbura ko suna son tumbi ya sauka? Akwai masu asma da ke shaƙar Ventolin babu ƙaƙƙautawa ko su sha ƙwayarsa, kuma wannan maganin yana tura fotasiyam cikin tsoka, har a asibiti da shi da insulin ake sauko da awon idan ya yi yawa. Ga 'yan mata masu shan Dexa don su yi ƙiba. Ga masu gyambon ciki da suka mayar da omefrazol abincin kullum, wanda idan an daɗe ana sha yana iya rage magnisiyam, kuma idan magnisiyam ya yi ƙasa ƙoda ba ta iya riƙe fotasiyam, komai yawan da aka ba mutum zai bi fitsari. Mashaya akpeteshie, barasar nan ta gargajiya, su ma ta nan suke shiga. Kada mu manta da kwalara ta 2014, wadda ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Accra. A ganina, kafin a tura talaka gwaji mai tsada, a zazzage jakar maganinsa a kan tebur.

Dakta Bashir

Malam Usman, a kan zazzage jaka ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma ita ce tambayar farko ga kowane majinyaci. Inda na saɓa maka shi ne kiran ta cutar Asiya. An same ta a baƙaƙen fata a Afirka da Amurka, kuma ina da yaƙinin cewa imanin da muka yi cewa ba tamu ba ce yana cikin abin da ke sa ba ma neman ta. Saurayin da ba ya shan magani, ba ya gudawa, ga rama ga rawar hannu, gwajin tayirod guda ya fi masa araha a kan kwanciya asibiti duk bayan 'yan watanni.

Malam Yahuza, Sabon Zango

Ina gaishe da malaman asibiti. Zan yi magana ne a kan mahaifiyar yaron, domin kada a ɗauke ta jahila. Duk wanda ya ga ɗansa ya kwanta lafiya ya wayi gari a shanye, sannan ya miƙe da yamma kamar ba shi ba, dole zuciyarsa ta tafi wani wuri, domin ba haka muka saba ganin ciwo ba. Mu ba ma musun sihiri, kuma ba ma musun ruƙiya. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma neman sanin cutar yana cikin neman maganin. Shawarata ga Alhaji ita ce kada ya yi jayayya da ita. Ya ce mata za a ci gaba da addu'a a gida, za a kuma je gwaji, ɗaya ba ya hana ɗaya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ajiye mara lafiya a ɗaki ana hayaƙi tun safe har dare, a ce sai an ga abin da hali zai yi.

Nas Rabi, Asawase

Allah ya saka da alheri, Malam. Wannan ciwon yana da wani hali da ke ƙarfafa zato: sau da yawa yakan saki mutum da kansa cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu, don haka duk abin da aka yi wa mara lafiyar a tsakani, ko rubutu ne ko turare ko allurar zazzaɓi, shi za a ce ya warkar. Haɗarin jira kuwa shi ne zuciya na iya rikicewa a kowane lokaci, wani sa'in ma tsokar numfashi ta raunana. Sannan a gida babu mai iya bambance shi da sauran cututtuka masu kama da shi, kamar wadda ke bin jijiyoyi daga tafin ƙafa tana hawa sama cikin kwanaki, ko matsewar laka, ko shan inna a yara. Gwajin jini da na bugun zuciya ne ke raba gardama.

Hajiya Ladi, Kejetia

Ni tambayata a kan matar ɗana ce. Tana da ciki wata shida, kuma ba ta rabuwa da ayilo, farar ƙasar nan da ake gasawa. Kullum akwai ƙulli a bakin zaninta, har cikin dare za ka ji tana gurgura. Ta ce ita ce kaɗai ke tsayar mata da tashin zuciya da yawan yawu. Kwanan nan tana kukan ƙafafunta sun yi nauyi, idan ta tsuguna sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Mu dai iyayenmu sun ci, mu ma mun ci, ba mu ga komai ba. Shin tana da alaƙa da abin da kuke faɗa, ko nauyin ciki ne kawai?

Dakta Bashir

Hajiya, tana iya zama nauyin ciki, amma kada a yanke hukunci kafin a auna. Irin wannan ƙasa, wadda ake haƙo da yawa daga cikinta a Anfoega ta yankin Volta, tana iya kama fotasiyam a cikin hanji ta fice da shi a bayan gida, kuma likitoci sun rubuta labarin masu ciki da tsokarsu ta mutu saboda yawan cin yumɓu, suka warke bayan sun daina. Yawa ne ke kawo matsala, shi ya sa wadda ta ɗan lasa jefi-jefi ba za ta ga komai ba. Idan kuma ana amai, asarar ta zama biyu. Wahalar tashi daga tsuguno alama ce da muke ɗauka da muhimmanci, domin raunin ƙarancin fotasiyam daga cinya da kafaɗa yake farawa. Akwai wani abu kuma. Tsananin kwaɗayin ƙasa yakan tafi tare da ƙarancin jini, ƙasar kuma tana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, wani lokaci ma akwai dalma a cikinta. A awon ciki na gaba ta faɗa wa ungozoma gaskiyar yawan da take ci, ta nemi a auna mata jini da gishirin jini. Idan nauyin ƙafar ya ƙaru ko gabanta na faɗuwa, kada ta jira ranar awo.

Malam Garba mai magani, Alabar

Na ga an fara zagayowa kan kayanmu na gargajiya, to ina roƙon kada a yi mana kuɗin goro. Na gaji wannan sana'a, kuma ban taɓa ba mutum maganin wankin ciki na ce ya sha kullum ba. Filasko sau ɗaya ake sha a huta. Masu yawo da lasifika suna sayar da ruwa a gora, wanda ba su san abin da ke ciki ba, su ne suka ɓata mana suna. Na yarda akwai masu wuce gona da iri, musamman masu cewa suna da basir ko dattin ciki, da kuma maƙwabtanmu masu yi wa yara bentua, wato ɗura ruwan magani ta dubura, kusan kowace safiya. Amma ina da tambaya. Tunda kun ce gishiri ne ya yi ƙaranci, me zai hana a jiƙa kanwa a ba mutum? Mun san tana da ƙarfi, kuma na ji ana cewa irin wannan sinadarin ne a cikinta.

Usman, mai haɗa magani, Tafo

Malam Garba, na ji daɗin wannan tambayar, domin mutane da yawa suna da wannan fahimtar. Kanwar da muke sa wa a miya ko wake mafi yawanta sodiyam ce, fotasiyam ɗin cikinta kaɗan ne ƙwarai. Idan aka sha ta da yawa tana rage tsamin jini fiye da ƙima, wannan kuma yana sa fotasiyam ya shige cikin ƙwayoyin halitta, wani kuma ya bi fitsari, ga shi tana tayar da hawan jini. Wato za ta ƙara wa mara lafiyar ciwo ne. Ruwan toka shi yana da fotasiyam, amma yana da kaifi, yana iya ƙona maƙogwaro da ciki, kuma babu mai iya sanin yawan da ya sha. A kan filasko kuwa maganarka gaskiya ce, matsalar tana ga mai sha kullum, kuma irinsu sukan ɓoye wa likita. Haka nan a lokacin gudawa, ruwan gishiri da sukari da ake haɗawa a gida ba shi da fotasiyam ko kaɗan, amma fakitin ORS yana da giram 1.5 na gishirin fotasiyam a kowace lita. Wanda ya rasa fakiti ya haɗa da ruwan kwakwa ko ayaba.

Zainab, ɗaliba a jami'ar KNUST

Ina neman izinin iyayena da malamaina in ƙara wasu da muka karanta, tunda Anti Rabi ta ce a kawo waɗanda ba a saba ji ba.

Akwai wata saiwa mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, wadda ake jiƙawa a sha da azumi a Masar da Sham, Turawa kuma suna yin baƙar alewa da ita, kuma tana cikin wasu shayin ganye da magungunan tari. Sinadarin cikinta yana sa ƙoda ta riƙe sodiyam ta zubar da fotasiyam, sai a ga hawan jini da raunin tsoka tare. A 2020 likitoci a jihar Massachusetts ta Amurka sun ba da rahoton wani magini mai shekara 54 da zuciyarsa ta tsaya ya rasu, bayan ya shafe makonni yana cin wannan alewa da yawa kullum. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ga wanda ya kai shekara 40, cin kusan giram 57 a kullum na mako biyu na iya rikita bugun zuciya.

Lemon kwalba mai kola ma yana ciki. A 2009 wasu likitoci a jami'ar Ioannina ta Girka sun tattara labaran mutanen da ke shan lita 2 zuwa 9 a rana har tsokarsu ta raunana, saboda haɗuwar sukari da kafeyin.

Sai guba. Gishirin bariyam, wanda aka yi amfani da shi a maganin ɓera, fari ne kamar gari, kuma yana toshe ƙofar da fotasiyam ke fitowa daga tsoka. A Isra'ila a 1963 mutane da yawa sun kwanta bayan an zuba shi cikin nama bisa kuskure a madadin sitaci, kuma a yankin Sichuan na ƙasar Sin an yi fama da shanyewa saboda gishirin miya da ya gurɓata da shi. A Sin ɗin ne kuma aka gano cewa ɗanyen man angurya yana da wani sinadari, gosifol, wanda aka gwada a shekarun 1970 a matsayin maganin tsarin iyali na maza, amma wasunsu suka shanye saboda ƙarancin fotasiyam. Tataccen man masana'anta an cire masa shi. Shan kulorokwin fiye da ƙima shi ma yana saukar da awon cikin sauri.

Hajiya Ladi, Kejetia

'Yata Zainab, Allah ya yi miki albarka. Wannan saiwar na san ta, wasu alhazai suna zuwa da ita tsaraba, kuma na san masu hawan jini da ke shan ta da buɗa-baki suna cewa tana kashe ƙishirwa. Zan gaya musu.

Dakta Bashir

Zainab ta kawo ni kan abin da nake so in ƙara, wato hawan jini tare da ƙarancin fotasiyam. Idan mutum yana shan magungunan hawan jini iri uku jinin bai sauka ba, kuma awon fotasiyam ɗinsa yana ƙasa, a tuna da wata ƙaramar halitta da ke zaune a kan ƙoda, wadda kan fitar da sinadarin aldostiron, mai sa ƙoda ta riƙe sodiyam ta zubar da fotasiyam, fiye da ƙima. Likitan Amurka Jerome Conn ne ya bayyana cutar a 1955. A da ana ganin ba ta da yawa, amma yanzu an san tana bayan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu hawan jini, kuma ta fi haka a cikin waɗanda magani ya ƙi yi musu aiki. Tana da magani nata na musamman, wani ma tiyata ke raba shi da ita. Sau da yawa Bendro ne ke tona ta, domin mai ita yana fara sha sai awon ya faɗi warwas, don haka Malam Usman, jakarka da gwajina sukan haɗu a mutum ɗaya.

Ga mata kuma, musamman masu matsakaicin shekaru, idan shanyewar ta zo tare da bushewar ido da baki, har mace ba ta iya haɗiye busasshen abinci sai da ruwa, akwai cutar Sjögren, inda garkuwar jiki ke taɓa ƙoda ta kasa fitar da tsami, fotasiyam ya riƙa zuba. Wasu shanyewar ce ke fara kai su asibiti kafin a san suna da ita. Yaranmu masu shaƙar sholisho su ma sinadarin toluwin da ke ciki yana yi wa ƙodarsu kusan irin wannan ɓarnar, kuma akan kawo su a shanye.

Alhaji Sani, Aboabo

Jama'a, na dawo da labari. Mun yi gwajin, kuma likitan da ya duba takardar ya ce tayirod ɗinsa tana aiki fiye da ƙima sosai. An ɗora shi a kan magani iri biyu, ɗaya na rage aikinta, ɗaya na kwantar da bugun zuciya da rawar hannu, an kuma ba mu ranar komawa. Na bi shawarar Malam Yahuza, mahaifiyarsa da kanta ta raka shi. Likita, saura tambayar azumi, domin yana gabatowa.

Dakta Bashir

Alhamdu lillahi. Maganar azumi ku yi ta da likitan da ke duba shi, domin ta danganta da yadda awonsa ya sauka kafin lokacin. Idan an ba shi dama, abin kiyayewa shi ne buɗa-baki da sahur: kada ya tara koko mai sukari da lemo da tuwo a zama ɗaya sannan ya kwanta, ya rarraba cin a hankali. Idan ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro yana kan maganin tayirod, ya dakatar da shi ya je a duba jininsa a ranar, domin a wasu mutane ƙalilan maganin yana rage ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta.

Maman Amina, Asokore Mampong

Ina bin wannan tattaunawa tun farko. Mahaifina yana da ciwon sukari da hawan jini, an kuma ce ƙodarsa ta fara rauni. Shi ma yana kukan kasala da nauyin ƙafa. Na yi niyyar in saya masa ƙwayar fotasiyam a kemis, ko irin gishirin nan da ake cewa na masu hawan jini ne. Ya halatta?

Usman, mai haɗa magani, Tafo

Maman Amina, don Allah kada ki saya. Ƙoda ce ke fitar da rarar fotasiyam, kuma wanda tasa ta raunana ya fi fuskantar haɗarin yawansa a kan ƙarancinsa, musamman idan yana shan lisinofril ko losatan, waɗanda ake yawan ba masu sukari kuma suna sa jiki ya riƙe shi. Yawansa ma yana kawo kasala da shanyewar ƙafa iri ɗaya da ƙarancinsa, ta yadda da ido ba a bambance su, kuma yana tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba. Gishirin da kika ambata an maye wani ɓangare na sodiyam ɗinsa da fotasiyam ne, don haka shi ma bai dace da Baba ba sai da izinin likitansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya masu lafiyar ƙoda shawarar samun aƙalla miligiram 3,510 a rana daga abinci, irin su kontomire, wato ganyen gwaza, da doya da wake da ayaba da dabino, amma wannan shawarar ba ta hau kan mai ciwon ƙoda ba, wasunsu ma rage waɗannan ake ce musu su yi. Ki kai shi a auna masa aikin ƙoda da gishirin jini a wannan makon, ki tafi da duk magungunansa a leda, har da na gargajiya idan yana sha.